Tawadar Kamfani a Farcen Yarinya

Na yi shekaru ina yawon ɗigon rigakafin shan inna a Panshekara da lungunan da suka jingina da kamfanonin Challawa. Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Kula mai ƙanƙara a kafaɗa, alli a jaka, sai alƙalamin tawada. Mu shiga gida, mu ɗiga wa yaro a baki, mu shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsan hagu don a san an yi masa, mu fito mu yi alama a bango. Gidan da aka ƙi sai mu kai rahoto sashen lafiya na ƙaramar hukuma, su sa mai unguwa ya kira maigidan. In ya ci gaba da taurin kai, maganar tana iya kaiwa kotu. Ni kuwa ba na ɗaukar raini, shi ya sa gidajen da suka gagara ni ake turawa.

Akwai wani gidan haya a bayan wani kamfanin fata, inda kwata ke gudu da ruwa mai launi, wari kuwa sai ka saba da shi kafin abinci ya shiga bakinka. Ɗakuna a jere, kowanne da iyali, mazan duk leburori ne. A ɗakin ƙarshe akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba, siririya mai ɗan karen surutu. Ba ta san tafiya ba sai gudu. Da ta hango ni sai ta sheƙo ta cafke min hijabi, wai in sam mata ƙanƙara. Nakan ce mata kwaɗayayyiya, wannan ba ta sha ba ce, ta kwashe da dariya ta ruga.

Duk zagayen da muka zo, farcenta a shafe yake. Uwarta, wata matashiya 'yar ƙauyen Jigawa mai yawan sunkuyar da kai, takan ce ai an ɗiga mata a tasha, wani zagayen ta ce a kasuwa. Ba abin musu ba ne, muna da ma'aikata a can. Sai wata safiya, ranar farko ta zagaye, gidan ne na farko da muka shiga. 'Yan tasha ko kulolinsu ba su gama karɓa ba, amma ga farcen yarinya da tawada ɗanya. Na kama hannun na shinshina. Wallahi warin kamfani ne. Tawadar da suke buga lamba da ita a jikin fata ce.

Uwar ta fashe da kuka, magana ta fito. Mijinta ne yake ɗebo tawadar a 'yar kwalbar turare, da ya ji mai shela ya ce za a fara rigakafi sai ya shafa wa yarinyar da tsinke kafin ya fita aiki. Shi ba wata aƙida gare shi ba. Mahaifiyarsa ce can ƙauye ta rantse cewa ranar da aka ɗiga wa jikarta wannan abu, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Yana tsoron bakin uwa, yana tsoron mai unguwa, sai ya samo dabarar da kowa zai ƙyale shi. Na ce to, kawo ta in ɗiga mata yanzu, ai farcen a shafe yake, ba wanda zai sani. Ta rungume 'yar ta ja da baya.

"Anti, ki rufa min asiri. Da aurena, ba zan iya ba sai da izininsa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo, amma ba a ɗiga wa yaro da ƙarfin tsiya. Na fita na kai rahoto. Har gobe ban ce na yi ba daidai ba, aikina ke nan, kuma ƙafafun yarinyar nake ji.

Aka kira mijin zauren mai unguwa da safe. Ya zo da takalmin robarsa na aiki, hannayensa sun rine har gwiwa. Ya roƙi a bari sai yamma, don shi lebura ne da ake ɗauka kullum a bakin get, wanda bai zo ba a ranar wani ne ke shiga gurbinsa. Aka ce jami'in lafiya da safe yake zuwa. Jami'in bai iso ba sai bayan azahar. Mutumin nan yana zaune a gefen tabarma, yana jin jiniyar kamfani tana tashi. Da aka gama wanke shi tas, sai ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, ku hukuma ne, ita kuma uwa ce. Wa zan saɓa wa?"

Mai unguwa ya ce wannan ba huruminsa ba ne. Gobe ya kawo yarinya a ɗiga mata a gabansa, in ba haka ba sai kotu. Ya ce to.

Washegari muka tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin. Tun asuba ya sa matar da 'yar a mota zuwa ƙauye, wurin tsohuwar da muke gudun maganarta. Gurbinsa a kamfani kuma ya tafi, na ji an ce yana bin get-get a Sharada, daga baya har Bompai. A ofis aka ce sun tashi, shi ke nan, gidan ya fita daga sahun masu ƙi. Har da masu murna. Na ce murnar me, yarinya tana inda ba mai kai mata? Aka ce Jigawa ba yankinmu ba ne. Haushi ya hana ni cin abinci ranar.

Bayan damina, wata la'asar aka yi sallama a ƙofar gidana. Uban ne, ya rame, yarinyar a kafaɗarsa. Ya sauke ta a tabarma. Ta dafa ƙasa za ta miƙe, ƙafar dama ta naɗe kamar tsumma, ta koma ta zauna. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma roƙe ni ƙanƙara ba. Ya ce zazzaɓi ta yi a ƙauye, da ya sauka sai ƙafar ta ƙi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi wa Inna, aljanar da ake cewa ita ke shanye ƙafa, duk abin da tsofaffi suka ce a yi. Ƙarshe kakar da kanta ta ce ya kai ta birni wurin masu ɗigo.

"Hajiya, na amince, tsohuwa ma ta amince. Ki ɗiga mata."

Duk faɗan da na tanada masa sai ya bi ruwa. Tausayi ya kama ni. Da safe na raka su asibitin unguwa, aka duba ta, aka ce za a yi gwaji, a koya wa uwar gashin ƙafa. Aka ɗiga mata kuma, don kariyar gaba. Ta buɗe baki da kanta ta haɗiye. Shi kuwa ya tsura wa ƙafar ido, kamar yanzu za ta motsa. Can ya tambaye ni kwana nawa maganin yake yi kafin ta taka.

Na zaunar da shi na gaya masa gaskiya, ban ɓoye komai ba. Na ce Malam, rigakafi tare ciwo yake yi kafin ya shigo, ba ya dawo da ƙafar da ta riga ta tafi. Ya gyaɗa kai ya ce to, ya yi godiya. Ya saɓa ta a kafaɗa, ƙafar tana lilo a ƙirjinsa. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo, ya tambaye ni ko ya dawo da ita gobe a ƙara mata.