Wata Uku a Majalisa

Jethro Kazah ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Ƙungiyar ƙwadago ta tura shi karatu Moldabiya, cikin Tarayyar Sobiyat, ya dawo ba shi da zance sai haƙƙin talaka. A 1983 mutanen Makera suka zaɓe shi ɗan majalisar jiha. Wata uku kacal ya yi, sojoji suka kifar da gwamnati.

Ya koma masaƙa neman tsohon aikinsa. Manaja ya ce, "Haba Honorabul, ai injinmu ya yi maka kaɗan."

Ƙarshe facin taya ya kama a titin Kachia. Da abokai suka zo masa da maganar takarar kansila a 1987, bai ko ɗago kai ba, ya ce su matsa, sun tare masa kwastoma.