Zanen da Na Ɓoye wa Iya

Idan aka gama girbi aka kai gero rumbu, sanyi ya fara saukowa, to lokacin wutar Iya ya yi. Iya kakata ce, ita ta haifi mahaifiyata, kuma a hannunta na tashi tun ina 'yar shekara takwas, a gidan Kawu Sale da ke wani ɗan ƙauye kusa da Tsanyawa. Ƙauyenmu irin wanda gona ke zuwa har gindin danga ne, idan ka leƙa ta bayan ɗaki kara kawai za ka gani har inda idonka ya tsaya. Da an idar da sallar isha'i sai ta sa mu kwaso karan gero mu tara a ƙofar ɗakinta, ta ɗebo garwashi a murhu, ta binne mana gyaɗa a toka. Mu biyar ne, ni da 'ya'yan Kawu huɗu, kuma kullum sai mun yi faɗa a kan wanda zai zauna ta gefen da hayaƙi ba ya bi.

Iya ba ta san zama hannu sake ba. Da ƙuruciyarta kaɗi take yi da saƙar gwado, da gwiwa ta ƙi kuma sai ta koma haɗa ƙyallaye. Ranar kasuwa Kawu kan taho mata da ragowar yankan teloli a leda, ta zauna ta tsince su, ta haɗa da allura da zare har su zama mayafin rufa. Ba kasafai take kiran launi da sunansa ba. Sai dai ta ce, "Ke Rabi, miƙo mini wancan mai kama da ganyen wake bayan ruwa," ko kuwa "mai kama da bayan kurciya." Idan na miƙo wanda ba shi ba sai ta ce, "Allah Ya ba ki ido manya-manya kamar na saniya, amma ko kallo ba ki iya ba." Ni kuwa ba na barin ta kwana, sai na ce gara nawa da nata masu kama da tsagar wuƙa. Ta yi dariya har ta ƙware.

Akwai wani babban mayafi da ta fara tun shekarar da aka kawo ni, wanda ta ce ba na kowa ba ne. Yini guda take ɗinkawa, yadda take ganinsa daga ƙofar ɗakinta. Daga sama ta jera masu ruwan toka, ta ce asuba ce. Ƙarƙashinsu rawaya-rawaya na hantsi, sai farare ƙal na rana tsaka, sai ruwan ƙasa da ɗan kore-kore na la'asar a kan gona. Abin da ya rage shi ne layin ƙarshe, jan nan da kan fito a yamma kafin a kira magariba. Shekara biyu mayafin yana naɗe a kan gadonta ba ta sa masa wannan layi ba.

Ina son Iya, amma akwai abin da na riƙe ta da shi a raina, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da mahaifiyata ta rasu wajen haihuwa, mata sun cika gida ana ta kuka, har waɗanda ba su haɗa komai da ita ba. Iya kuwa tana zaune a gefe tana jan carbi, idonta a bushe. Da aka zo yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ku je ku yi wa mijinta da 'yarta." Tun daga ranar ban ji ta ambaci sunanta ba ko sau ɗaya. Idan magana ta kama dole sai ta ce "yarinyar nan," ta wuce. Na san ana cewa 'yar fari ce, ana jin kunyar 'yar fari, amma a hankalina na yarinya kunya ta mai rai ce. Wanda ya mutu kuma kunyar me za a ji masa? Sai na yanke cewa Iya ba ta damu da uwata ba, shi ke nan.

Da aka raba kayan mamaciya, zane ɗaya Iya ta ɗauka, wata atamfa ja mai ruwan goro da mahaifiyata ta ɗaura a sallarta ta ƙarshe. Ta sa shi a adaka ta tura ƙarƙashin gado. Duk sanda ta fita zagayawa sai na ja adakar a hankali, na tusa fuskata cikin zanen. Akwai sauran ƙanshin turaren wutarta a jiki, da ɗan ƙanshin man da take shafawa. Abin da ya rage mini ke nan a duniya.

A sanyin shekarar da na cika goma, wata rana mun zauna a bakin wuta, Iya ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ta gaji da tafiya." Muka haɗa baki muka ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Haka take buɗe tatsuniyarta, ba irin ta sauran tsofaffi ba.

Ta ce wai an yi wata mata masaƙiya, 'yarta ta fari ta tafi rafi ɗebo ruwa ba ta dawo ba. Matar ba ta yi kuka ba, mutanen gari suka ce ai wannan ba ta da zuciya. Ita kuwa sai ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi neman zaren da za ta saƙa wa 'yar zane, ko da za ta dawo tana jin sanyi. Ta je wurin Asuba, Asuba ta ba ta zare mai ruwan toka, mai sanyi kamar raɓa. Hantsi ya ba ta rawaya. Rana Tsaka ta ba ta fari, sai da ya ƙona mata yatsu kafin ta naɗe shi. Da ta isa wurin Yamma, sai Yamma ta ce, "Nawa zaren ja ne, kuma ba na ba da shi sai ga wanda ya faɗa mini abin da ya rasa, ya kira shi da sunansa." Matar ta buɗe baki, baki ya yi nauyi. Tana nan tsaye har Yamma ta naɗe zarenta ta shige. Gobe ta koma, jibi ta koma, kullum haka. Iya ta ce shi ya sa jan yamma ba ya daɗewa, yana ɗan tsayawa ne ya ji ko za ta faɗa, in bai ji ba ya wuce.

Muka zuba mata ido muna jiran saura. Sani, babban ɗan Kawu, ya ce, "To Iya, ta faɗa daga baya?"

Ta ce, "Gyaɗarku ta ƙone. Tatsuniya ta naɗe tabarmarta, ku ma ku naɗe taku."

Ni kuwa na ce, "Wannan mata wawuya ce. Suna kawai? Ni da tuni na faɗa na karɓi zarena."

Iya ta juyo da fuskarta wajena ta daɗe, sannan ta ce, "Ke ai bakinki ba shi da ƙofa, Rabi. Allah Ya bar miki shi haka."

Washegari da hantsi ta shimfiɗa babban mayafin a tabarma, ta ce in jawo adaka in ɗauko mata zanen da ke ciki, yau za ta sa layin ƙarshe. Na san yadda take yi wa zane, ta ɗan tsaga bakinsa da reza ta ja shi ya yage gida-gida. Na shiga ɗaki na tsaya, raina yana tafasa. Wato matar da ko hawaye ba ta yi ba ita ce za ta yayyaga mini uwa ta haɗa da tsummokaran teloli? Na ɗauke zanen na cusa cikin rigar matashina. Na zagaya ta baya, na zare wata atamfa koriya shar ta Inna Saude, matar Kawu, daga kan igiya, na ninke na kawo mata. Ba wata dabara na yi ba. Na ɗauka za ta zage ni ta ce in koma, ni kuma in ce ban ga wancan ba, in ya so a yi ta nema.

Iya ta karɓa ta ɗora a cinya. Ta shafa shi da tafin hannu, ta shafa, ta sake shafawa. Ta ɗaga shi sama saitin rana ta ƙura masa ido. Sai ta ce, "Ja-wur kamar ranar da aka saye shi."

A nan na gane idon Iya ya tafi. Na san yanar ido ta fara rufe mata gani tun damina, ni nake zura mata zare a allura, amma ban san abin ya kai ba ta bambance ja da kore ba. Ashe tun tana ɗan gani ta rarraba ƙyallayenta ƙulli-ƙulli, kowanne da irin ɗaurinsa, da hannu take gane su, ba ta so a sani a fara tausayinta. Ina tsaye ta sa reza. Da na yi magana a lokacin da an gyara. Ban yi ba, saboda tsoro, kuma gaskiya saboda na ji daɗi nawa zanen ya tsira.

Kwana shida ta yi tana ɗinkin layin nan da laluben yatsa, ni ina zura mata zare. Matan gida suna wucewa su ga magariba koriya shar, su dubi juna, babu wadda ta tanka. Inna Saude ta tsaya ta kalli mayafin, ta kalle ni, ta ɗauki tulunta ta wuce. Ko zanenta ba ta tambaya ba.

A rana ta bakwai aka yi suna a maƙwabta, gida ya watse. Na dawo da la'asar ɗaukar kwano, sai na ji motsi a ɗakin Iya. Na leƙa ta labule. Tana zaune a bakin gado, ta gama ɗinki, ta tattaro koren layin nan da hannu biyu ta kifa fuskarta a ciki, kafaɗunta suna rawa. Sai na ji ta ce, a hankali, kamar mai tsoron kada bango ya ji, "Hadiza. Hadizatu. Kin tafi kin bar ni, Hadiza."

Ban shiga ba. Na koma bayan rumbu na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba, har na rasa na wa nake yi. Da daddare aka hura wuta ta yi mana wata tatsuniyar ban dariya ta kura da tsohuwa, tana kwaikwayon muryar kura, yara suna ta kyakyatawa. Na yi niyyar gaya mata a daren, na yi niyya washegari, na yi ta niyya har shekara ta zagayo. Da mayafin take rufa kullum, kuma koren layin take jawowa ta wajen fuskarta. Da shi a jikinta ta cika, a farkon damina.

Yanzu ni ma ɗinki nake yi, ina da 'yar rumfa da keke biyu a Ɗanbatta. Sai bara, da na je duba Inna Saude tana jinya, na iya buɗe baki na gaya mata. Ta yi murmushi ta ce, "Ai tun ranar na gane zanena, Rabi. Me zan ce? Marainiya da makauniya, wa zan kunyata a ciki?" Sannan ta ƙara da cewa, "Sau ɗaya Iya ta kira ni ɗaki ta tambaye ni, ta ce Saude, jan ya fito kuwa? Na ce ya fito, Iya, ya fito sosai. Ta ce to alhamdu lillahi."

Na daɗe ina juya wannan tambaya tata. Ko ta ji a hannunta cewa ba shi ba ne, ko hancinta ya nemi ƙanshin 'yarta bai samu ba, ko kuwa kawai tana son a gaya mata aikinta ya yi kyau, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Abin da na sani shi ne tatsuniyar nan ba don mu ta yi ta ba. Shekara biyu tana tsaye a gaban layin ƙarshe bakinta ya yi nauyi, ta tara yara biyar a bakin wuta ta gaya mana halin da take ciki ta hanyar da kunya ta bar mata, ni kuma na ce mata wawuya. Na ɗauka wanda bai yi kuka a gaban jama'a ba bai ji ciwo ba.

Da na haifi 'yata ta fari aka sa mata sunan mahaifiyata, don haka Ummi muke kiranta, ni ma ba na iya faɗin sunan, ga kunyar uwa ga ta 'yar fari. Sai yanzu na san irin nauyin da baki ke yi. A duk rayuwata sau ɗaya tak na ji sunan nan daga bakin Iya, bayan ta sha wahalar shekaru kafin ya fito, kuma a cikin zanen wata ta faɗe shi, nata na gaskiya yana cikin matashina a ɗaki ɗaya da ita.