Ƙafar da na janye a sahu

Shekarar da maganar Shari'a ta cika gari, cutar amai da gudawa ta shigo unguwarmu a Gwarzo. Asibiti babu ko ruwan ƙari, sai dai a rubuta maka takarda ka je ka nemo. Kusan kullum sai mun ɗauki ƙaramar gawa a tabarma.

Yayana shi ke gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a hanyar Kabo. Ɗan gardama ne tun muna yara. Ko miya aka ce ta yi gishiri, sai ya ɗanɗana da kansa. Ya ɗebi ruwan rijiyar masallacinmu a kwalba ya tafi da shi wurin aiki. Rijiyar nan kuwa an ce wani bawan Allah ya tofa mata addu'a tun zamanin kakanni, har mata kan ɗiba su ɗura wa jarirai.

Bayan sallar la'asar ya miƙe ya ce a rufe ta, ya ga ƙwayoyin cutar da idonsa a madubin gwaji.

Wani dattijo ya ce, "Malam, cuta daga Allah take, ba daga rijiya ba."

Da a ce Yaya ya ce "haka ne" ya tsaya nan, da an wuce wurin. Ina! Sai ya ce, "Baba, to rijiyar a wajen Allah take? Ruwan nan, da ƙa'idar da cutar ke bi, da mu kanmu, babu abin da ke waje da Shi. Duk abin da yake gaskiya, shi nake nufi idan na ce Allah. Wanda ya ƙi duba madubin nan, Shi ya ƙi dubawa."

Daga sahun baya wani ya ce, "Wato ƙwayar cuta ce Ubangijinka?" Yaya ya ce ba haka ya faɗa ba, amma mutane sun riga sun fara neman takalmansu.

Ba wanda ya taɓa shi. Gaisuwa ce dai ta gajarce. Wanda da zai tambaye shi gida da iyali da gajiya, yanzu sai "lafiya" ya wuce. A kasuwar Getso, inda nake sayar da dawa, na fara jin kalmar ridda a bayana. Wani da muka saba ya riƙe mini hannu ya ce, "Ka dai san zamanin da muke ciki. Kai ma a san inda ka tsaya." Tsoro ya kama ni ƙwarai, kuma na ji haushin Yaya har wuya.

Lokacin an tsananta kan daidaita sahu: kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa, kada a bar wa Shaiɗan wurin shiga. Ranar nan da azahar Yaya ya shigo ya tsaya kusa da ni. Na hagunsa ya matsa gefe a fili, har tabarma ta bayyana tsakaninsu. Aka tayar da iƙama. Na ji ɗan yatsan ƙafarsa yana laluben nawa, ya same shi, ya tsaya. Ina jin idanun sahun baya a ƙeyata.

Na janye ƙafata. Ba da yawa ba, kamar faɗin tafin hannu.

Bai biyo ni ba. Haka muka yi raka'a huɗu, shi kaɗai a tsakiyar jama'a. Da aka yi sallama bai dubi na hagun ba, ni ya duba, sannan ya ɗauki takalmansa.

Bayan mako guda aka ɗora wa rijiyar kwanon rufi da duwatsu, aka ce wai ruwan ya fara wari. Yaya ya nemi canjin wurin aiki ya bar garin. Mun ci gaba da zumunci har ya rasu, bai taɓa tayar mini da zancen ba ko sau ɗaya. Amma duk sallar da muka yi tare bayan nan, shi da kansa yake barin mini faɗin tafin hannun.