Shayin da Inna Ba Ta Dafa Ba

Maƙwabciyata a unguwar Rusaifa Bamisriya ce, malamar asibiti. Ita ke hawowa yi wa Inna allura lokacin da ƙafafunta suka kumbura. Wata rana bayan allura ta nuna mini hoto a waya: wasu 'yan gumaka shuɗaye, kowanne da fartanya a ƙirji da ɗan kwando a baya. Ta ce mutanen Fir'auna ne ke binne su tare da mamaci. Wai a ganinsu ko a lahira akwai noma da kwasar yashi, to in an kira mai kabarin aiki, sai gunkin ya ce "ga ni", ya tafi a madadinsa.

Na yi a'uziyya. Shirka ce, ba tantama. Amma abin ya tsaya mini a rai. Mutum ya mutu, bai daina neman wanda zai aika ba.

Inna da ƙuruciyarta ta zo Hajji ta zauna. A gida ɗaya ta yi aiki har ta tsufa, wanki da guga da reno. Yanzu likita ya ce kada ta ƙara tsayuwa a kan ƙafafun nan, in ba haka ba ciwon zai buɗe.

A makon nan uwar gidan da ta yi wa aikin, wadda muke kira Sitti, ta zo dubiya da kwalin dabino. Ta riƙe hannun Inna tana hawaye, kuma na san hawayen gaskiya ne.

"Ya Hajja, wallahi tun da kika kwanta ban sha shayin kirki ba. Allah ya haɗa mu a Aljanna, ki ci gaba da dafa mini."

Inna ta yi dariya ta ce amin. Sai na ga tana laluben takalmi da ƙafa.

"Ina za ki, Inna?"

"In ɗora mata ɗan shayi mana. Ai ba nisa."

Sitti ba ta ce a'a ba. Gyara zama ma ta yi.

Na tsuguna na ɗauke takalmin. Na ce, "Allah ya haɗa ku, Sitti, amin. Amma a can Inna zama za ta yi. Masu tafiya lahira da 'yan aiki mutanen Fir'auna ne, su ma na yumɓu suka samu."

"Ke, wannan bakin naki," in ji Inna tana hararata. "Haka na koya miki?"

Sitti ta ce, "Ya binti, 'yata, wasa nake yi."

"Na sani. Ita ce ba ta san wasa ba in ke kika kira."

Ni ma na iya shayin, da na'ana'a, yadda take so. Na kuma san haƙƙin baƙo. Ranar dai ban tashi ba. Na ɗora ƙafafun Inna a cinyata ina matsa su a hankali, tana ja ina riƙewa.

Can Sitti ta ajiye jakarta, ta dafa bango ta miƙe, ta tambaye ni ina muke ajiye sukari. Daga zaune na faɗa mata.