Siniyar da Haruna Ya Ci Shi Kaɗai

Shekara tara ke nan da muka kai ƙanina Haruna makwancinsa a Umdurman, ƙasar Sudan. Duk shekara in watan ya zagayo, addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mutanen unguwarmu suna jin Hausa amma ba sa karanta ta, shi ya sa nake iya rubuta abin da ban iya faɗa a ƙofar masallaci ba.

Haruna tela ne a Kasuwar Umdurman, inda mahaifinmu ya zaunar da mu bayan ya bar aikin auduga a Jazira. Wasu matasa masu wasan kwaikwayo a talabijin suka kawo masa ɗinki, suka ji yadda yake kwaikwayon muryar masu ciniki har suka riƙe ciki don dariya, sai suka ja shi cikinsu. Daga baya suka shirya wani dogon wasa don faɗakar da samari da 'yan mata kan cutar ƙanjamau. Kowa yana son ya fito likita ko malami. Babu mai son fitowa mai cutar. Haruna ya ce a ba shi.

Ya fito direban bas mai barkwanci, wanda ya yi gwaji, ya ji sakamako, ya kama shan magani, ya ci gaba da tuƙinsa da tsokanar fasinja. Matasa suka haddace maganganunsa. Manya kuwa suka yi wani lissafin daban. A wurinmu mutum ba ya ko nuna gurbin ciwon wani a jikinsa sai ya ce Allah ya tsare. To wane ne zai tsaya gaban duniya ya ce yana da wannan cuta in ba shi da ita? Suka yanke cewa gaskiya Haruna ya faɗa, ya fake da wasa.

Azumin shekarar ne ya nuna hakan. Kamar yadda aka saba lokacin buɗa baki, kowane gida ya fito da siniyarsa, babban farantin abinci, aka jera a kan tabarma a bakin titi, maza suka zauna huɗu-huɗu, biyar-biyar. Da Haruna ya ajiye tasa, wanda ke kusa ya tuna yana da magana da wani ya tashi, na gaba ya bi shi. Haruna ya dubi asida, tuwon da ke cikin siniyarsa, ya dube mu, ya ce alhamdu lillahi, bana dai zai ƙoshi.

Ina wurin. A baya na zauna a Abijan da Nairobi da Kano, na karanta takardun faɗakarwa da Faransanci da Turanci, har na fassara wa mutane cewa ba a ɗaukar cutar ta cin abinci. A Nairobi na ga masu ita suna magana da sunansu a taro. Duk da haka a wata siniyar na sa hannu. Tsoro na daji, kunya na gida, ni kuwa ranar duka biyun suka haɗu mini a kan tabarma ɗaya.

Ciwon ƙoda ne ya yi ajalinsa bayan 'yan shekaru. Masu wankan gawa kowa ya kawo uzuri, sai ni na shiga. Na sa safar hannu biyu-biyu, ni da na wanke mahaifinmu da ƙyalle ɗaya. Da na fito matarsa Zainab ta ga hannuna, ta ce, "Yaya, har da kai?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nawa cibin aka gani.

Yanzu yaƙi ya bi ta kanmu. Mun gudu, mun dawo, mun tarar da asibitoci a rufe, gidaje babu ƙofa. Matasa sun daina taruwa gaban talabijin, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, kuma ban ji ana yi musu wannan magana cikin raha ba. Ina tambayar kaina me Haruna zai yi. Na san shi, da tuni ya mayar da direbansa cikin waya.

Watan jiya wani saurayi ya zo ya same ni. Zan kira shi Mutasim, ba sunansa ba ne. Kafin yaƙi yana sayar da kayan lantarki a Kasuwar Libiya ta nan Umdurman. Ya ce wasan direban ne ya sa ya je gwaji, kuma shekaru yana haye kogi zuwa wajen Soba karɓar magani don kada idon sani ya gan shi. Yaƙi ya yanke hanyar. Watanni ba ya shan maganin, ya rame, yana tari. An buɗe wurin karɓar magani kusa da mu, amma ya ƙi zuwa. Na yi ta lallashinsa da Larabci da Hausa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Baba, na ga abin da kuka yi wa wanda ba shi da ita. Ni da nake da ita fa?"

Bayan kwana uku na yanke shawara. Ranar Asabar ni zan shiga layin karɓar maganin, da rana tsaka, da farar jallabiyata. Mutasim zai riƙe mini hannu a matsayin mai rakiyar tsoho. In mun shiga ciki, likita zai san wanda ya zo gani. Masu kallo a waje su yi lissafinsu irin na da.

Ba jarumta nake ji ba. Ina tsoron kada mu kasance mun makara, don tarin nan ba ya yi mini daɗin ji. Ina kuma tsoron azumi mai zuwa, da wanda zai tuna yana da magana da wani in na ajiye siniyata.

An sace keken ɗinkin Haruna, kuma ban san ko faifan wasan ya tsira ba. Abin da ya rage nasa shi ne saurayin da ya san magani yana aiki, da matsayin da kowa ya ƙi a wasan, shi ya karɓa. Shekara tara yana jiran mai ɗauka. Allah ya jiƙanka, Haruna, ya yafe mini. Ranar Asabar a ba ni.