Tabon Man Kitso a Bangon Mai Fenti

In ka bi layin da safe za ka gamu da wani dattijo siriri, tsani a kafaɗa, bokiti a hannu, rigarsa kuwa babu kalar da ba ta ɗanɗana ba. Mai Fenti ake ce masa. Mutum ne mai tsantseni, irin wanda zai sauko daga tsani ya sake hawa saboda ɗigo ɗaya da mai gidan ma ba zai taɓa lura da shi ba. Ba shi da yawan magana. Matarsa ce take yi musu su biyun, kuma tana isarwa.

Ita tana da wurin zamanta a ɗaki, gefen taga, a kan tabarma. In ta gama aikin gida sai ta zame ɗankwali, ta jingina kai da bango, ta kunna rediyo tana musu da masu karanta labarai. Shekara da shekaru man kitsonta yana ratsa bangon, har ya bar tabo mai duhu, faɗin tafin hannu. Abin yana ci masa tuwo a ƙwarya.

"Gidan mai fenti guda, a ce bango da tabo?" in ji shi.

"To ka shafe mana, ba sana'arka ba ce?" in ji ta. "Ni dai kaina ba zai sauya wuri ba."

Da ciwo ya kama ta, a nan ta yi jinya, don kwanciya tana hana ta numfashi. A nan ya ga ta rame, a nan muryar nan ta ƙanƙance. Ranar da ta cika yana can ƙarshen gari yana fentin wani shago, don ita ta ce ya tafi, ta ji sauƙi. Ya dawo ya tarar da mutane a ƙofar gida. Wannan ne ya tsaya masa a rai.

Bayan rasuwar ya rabar da kayanta, ya kyautar da rediyon, ya naɗe tabarmar ya jefa kan durowa. Saura bango. Duk lokacin da ya kalli tabon, ba ya ganin komai sai fuskarta ta ƙarshe. Sai ya dama fentin ruwa shuɗi ya shafe ɗakin tas. Ba a jima ba tabon ya leƙo, a hankali, a daidai inda yake. Shekara ta zagayo ya shafa kore, tabon ya sake fitowa. Ya shafa ruwan ƙwai, ya shafa ruwan toka, tabo dai yana nan daram.

Ko ɗan koyo ya san fentin ruwa ba ya danne maiƙo. Sai an fara bin wurin da fentin mai ya toshe shi, sannan a ɗora na ruwa. Mai Fenti ya yi wa kicin ɗin mutane haka ba adadi. A ɗakinsa ne kawai wai yake mantawa, ni kuwa ban taɓa yarda cewa mantuwa ce ba.

Autarsa, wadda ke aure a bayan layi kuma take kawo masa abinci, tausayinsa ya ishe ta. Da ya samu aiki na 'yan kwanaki a wani gari, sai ta haɗa baki da mijinta. Ya dawo ya tarar da ɗaki fari fat.

"Baba, mun raba ka da shi," in ji ta cikin murna. "Mai shagon fenti ya ce fentin mai ne maganinsa, shi muka fara sawa."

"Allah ya yi muku albarka," in ji shi. Ya zagaya yana duba kusurwoyi, har ya ce wa surukin hannunsa ba laifi, in aikin ofis ya ƙi ya zo ya riƙe masa tsani.

Daga nan kullum da safe sai ya zauna bakin gado da kofin shayi, yana kallon gefen taga. Makonni suka wuce, bango bai ce uffan ba. Abin da ya daɗe yana nema ke nan, amma bai ji daɗinsa ba. Fuskar jinyar ta daina zuwa, gaskiya ne, sai dai ya nemi muryarta ma ya rasa. Tsoro ya kama shi, don ya ga yana neman rasa ta karo na biyu, kuma wannan karon babu ko masu gaisuwa.

Wata safiya ya ɗauko ƙarfen da yake kankare bango da shi. Ya zauna a ƙasa inda take zama, ya auna da ƙeyarsa, ya ɗan rage don ya fi ta tsayi, sannan ya juya ya fara. Fari ya zube. Fentin man ya yi gardama, ya bi shi da haƙuri. Ruwan toka, ruwan ƙwai, kore, shuɗi, duk suka taru a cinyarsa. Sai ga shi, faɗin tafin hannu.

Auta ta shigo da kwano, ta ja ta tsaya.

"Baba, aikin namu ne bai yi ba?"

"Ya yi, 'yar nan. Yi ya yi har ya wuce."

Ta ajiye kwanon, ta durƙusa kusa da shi, idonta ya ciko. "Nan take zama tana faɗa da rediyo," in ji ta.

Sai ga muryar ta dawo masa, mai ƙarfin nan, ta kafin ciwo. Ya yi dariya har ya share ido da hannun riga.

"Ai ta faɗa mini kanta ba zai sauya wuri ba," in ji shi. "Tashi ki sauko mini da tabarmar can."