Tsohuwar da Ta Tambaye Ni Ruwan Gishiri a Sama

Jama'a, wannan abin ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi da akwai yadda zan yi in ce mafarki ne da tuni na ce na huta. 'Yan shekaru ne kafin yaƙi, lokacin ina zaune a Umdurman ina tsaron shagon yadi na kawuna Alhaji Bashir a Kasuwar Libiya. Mu Hausawan Sudan ne, iyayenmu a gonakin audugar Jazira ƙarfinsu ya ƙare, nasu kakannin kuwa a ƙafa suka taso daga yamma za su Makka, hanya ta ajiye su a nan.

Ina da takardar tuƙin ƙananan jirage, wadda na sha baƙar wuya kafin in samu, don shekara bakwai na yi ina wanke inji a rumfar gyaran jirage ina koyo kaɗan-kaɗan, amma ga takarda a akwati ba aiki, ni kuwa kullum ina auna yadi, in jirgi ya wuce ta saman kasuwa sai in tsaya da almakashi a hannu har mai saye ya gaji ya taɓa ni. Ana nan sai harkar zinariya ta buɗe a arewa, kawu da wasu abokansa biyu suka ga mota tana cin kwana uku a hanyar da jirgi zai yi cikin awa biyu, suka haɗu suka sayi jirgi na hannu daga wata ƙasa can yamma. Inji ɗaya gare shi da farfela a hanci, amma ba irin ƙananan da na saba ba, wannan kananzir yake sha, in aka tayar da shi sai ka ji yana fito kamar manyan jirage, kuma yana ɗaukar mutum tara da kayansu.

Wani matuƙi ɗan haya ne ya kawo shi, ta Chadi ya biyo, ya ratsa Darfur da Kurdufan, ya ce hadari ya tare shi a hanya har ya sauka a wani tsohon fili a daji ya kwana ƙarƙashin fiffike. Abin da na lura kawai shi ne mutumin ya ƙi zama ko shayi ya sha. Ya miƙa takardu, ya ɗauki jakarsa, ya yi gaba.

Aka ɗauko mini malami, Kaftin Usman, wani dattijo Balarabe marar yawan magana da ya ƙare rayuwarsa a feshin gonaki. Wata biyu muka yi kusan kullum da safe muna tashi daga Khartum mu yi kudu wajen Jabal Awliya, yana koya mini yadda ake lallaɓa irin wannan inji, kada ka ba shi wuta da gaggawa ya yi zafi, kada ka yi sakaci da farfela wajen sauka. Ni dai a lokacin ba na samun natsuwa, abinci ma a tsaye nake ci, a cikin raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, hannuna yana ta danna maɓallan da babu su.

Tun makon farko Kaftin ya ce jirgin yana da nauyi a baya, kamar akwai mutum a kujerar ƙarshe. Aka kwashe komai, aka ɗora shi a ma'auni, aka ce daidai yake. Muka tashi, nauyin yana nan. Sannan akwai wani ƙamshi da ke tasowa in mun yi nisa da ƙasa, na hayaƙin itace da man shanu da tsohuwar fata. Kaftin ya ce wataƙila da can makiyaya aka riƙa ɗauka a ciki, muka bar maganar.

Ranar da ya ce in tashi ni kaɗai, hantsi ne tsaf, sama fes, ba gajimare ko ɗaya. Aikina kawai in je madatsar Jabal Awliya in kewaya in dawo. Na isa, ga ruwan Farin Nilu ya baje a bayan madatsa kamar ba shi da iyaka, ga kwale-kwalen masunta ƙanana-ƙanana, ina shirin karya kwana ke nan sai na ji murya a abin da ke kunnena, wanda nake magana da hasumiyar filin jirgi da shi. Muryar tsohuwa ce, a gajiye, kusa da ni sosai.

"Ɗan nan, ruwan gishirin ke nan?"

Ku gane, a rediyon jirgi ba a Hausa. Kuma Hausarta ba irin tamu ba ce da muke cakuɗa da Larabci, tsohuwar Hausa ce irin wadda kakata take yi in ranta ya ɓaci. Kuskuren da na yi, wanda har yau nake cizon yatsa a kansa, shi ne bakina ya riga hankalina. An haife mu an ce in babba ya yi tambaya a amsa. Na ce, "A'a Iya, wannan Nilu ne."

Ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "To ba mu iso ba. Mu je."

Sai hancin jirgi ya juya gabas da kansa. Na riƙe sitiyari da hannu biyu na murɗa, kamar an kafe shi da ƙusa, na taka da ƙafa, ko gezau. Ban waiwaya ba, wallahi ban iya ba, wuyana ya ƙi, amma ina jin ƙarar carbi a bayana ana ja ɗaya bayan ɗaya. Gonakin Jazira suka wuce ta ƙarƙashina, na tsallake Shuɗin Nilu, ƙasa ta koma fili fetal ba gari ba itace, hasumiya tana ta kirana ana tambayar ina na nufa, ni kuwa in na buɗe baki sai addu'a ke fita. Man da aka zuba mini na ɗan zagaye ne, ina kallon allurar mai tana sauka.

Da na ga mutuwa ce kawai a gaba, sai na daina kokawa da sitiyari na yi mata magana yadda zan yi wa mahaifiyata. Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, man ba zai kai mu teku ba, a daji za mu faɗi. Ki bari in koma in ƙaro, na yi miki alkawari ni zan kai ki."

Carbin ya tsaya. Ta ce, "Haka wancan ma ya ce."

Na rantse mata da Allah. Sai na ji sitiyari ya saki a hannuna. Na juyo, na sauka a Khartum da abin da bai fi na minti goma ba a tanki. Kaftin yana tsaye a bakin rumfa, bai yi mini faɗa ba, ya buɗe ƙofar baya ya daɗe yana kallon kujerar ƙarshe, ya rufe, ya ce a rubuta kamfas ne ya sami matsala. Aka dakatar da ni wata guda, kawu ya yi ta sababi.

Inna kaɗai na gaya wa gaskiya, mahaifiyata. Tana tankaɗe ta ajiye rariya, ta ce hanyar nan da jirgin ya biyo ita ce hanyar da mutanenmu suka bi a ƙafa, kuma ba kowa ya iso ba, wasu an binne su a gindin itace an ɗora dutse an wuce. Ta ce tunda na rantse, in yi sauri in kai baiwar Allah.

To ni ɗan Adam ne. Da na koma aiki, arewa aka riƙa tura mu, yau ma'aikata gobe injin haƙa, Kaftin yana gefena kullum don na ƙi sake tashi ni kaɗai. Duk tashi sai in ce a raina mako mai zuwa zan nemi uzurin zuwa Bur Sudan, garin da ke bakin teku. Tsohuwar ba ta sake magana ba, nauyin dai yana nan, ƙamshin yana nan. Inna ta tuna mini har ta gaji. Haka aka ci shekara biyu, sai yaƙi ya ɓarke, jirgin ya ƙone a inda yake ajiye tare da wasu da yawa. Allah Ya yafe mini, da na ji labari wani ɓangare na zuciyata sanyi ya ji, na ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Muka gudu daga Umdurman a bas kamar kowa, ni da Inna da matata, kwana huɗu a hanya kafin mu kai Bur Sudan. Bayan mun sami wurin sa haƙarƙari, wata rana da la'asar na fita ni kaɗai na zauna wajen wata mai shayi a bakin teku. Na ce ta ba ni shayi. Ta kawo kofi biyu, ta ajiye ɗaya a gabana, ɗaya a gaban kujerar da ke gefena. Na ce mata ai ni kaɗai ne. Ta dubi kujerar, ta dube ni, ta ce da Larabci, "Hajiyar da kuka zo tare fa?" Sannan ta sake duban kujerar, na ga fuskarta ta canza, ta koma wajen murhunta ba ta ƙara ɗago kai ba, kofin ma ta ƙi zuwa ta ɗauka.

Na daure, na juya wajen kujerar, na ce a hankali, "Iya, ga ruwan gishirin nan. Na kawo ki."

Ba abin kunne, ba rediyo, ba komai, amma na ji ta sarai a kunnena na dama.

"Na gani, ɗan nan. Saura tsallakawa."

Sau biyu ina neman takardar hawa jirgin ruwan Jidda, sau biyu abin yana rushewa a kan ƙaramin dalili. Yanzu mun dawo Umdurman, na koma auna yadi a rabin shagon da ya tsira, ina neman ta uku. Ban san ko ita wace ce ba, ban san sunanta ba, malamai biyu na tambaya kowa da abin da ya ce. Abin da na sani shi ne ba na iya zama wuri ɗaya minti goma, kuma matata ta daina tambayata me ya sa ɗakinmu yake ƙamshin hayaƙi alhali da gas muke girki.

Don Allah, in kana wurin da ka san kai kaɗai ne ka ji an yi maka tambaya, ko da muryar ta yi kama da ta kakarka, ka kama bakinka ka yi addu'a. In kuwa har ka amsa, kada ka rantse a kan abin da ba ka san iyakarsa ba.